Daminar da Muka Fitar da Hanya a Fadama

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma shi ne mafi nauyi a gare ni cikin duk abin da na ɗauki alƙalami domin rubutawa. Na sani mutum mai shekaruna bai kai ya zauna rubuta tarihin kansa ba. Ban cika talatin ba, ban gina gida ba, ban riƙe muƙamin da za a tuna da shi ba. Abin da ya tilasta mini shi ne ranar sunanki, Hafsatu 'yata. Ina tsaye a bakin zaure ina sallamar baƙi, sai na ji wata tsohuwa tana nuna ni ga wata baƙuwa, tana cewa ai shi ne yaron nan da ya sayar da gaurakin ubansa ga mutanen birni. Ba ta faɗa da ƙeta ba, ta faɗa ne kamar yadda ake faɗin unguwar da mutum ya fito. Tun daga ranar ban sami natsuwa ba. A cikin mutanen nan za ki girma, za ki ji maganar ko ba daɗe ko ba jima, ni kuwa ina so ki fara jin ta daga wurina. Ban sayar da kome ba. Amma abin da na aikata bai fi sayarwar sauƙi a wurin kakanki ba, kuma ba zan rage masa nauyi domin ki ji daɗin karantawa ba.

Kakanki, wanda muke kira Baba, shi ne Sarkin Bakan ƙauyenmu, wato shugaban maharba, kamar yadda mahaifinsa ya riƙe kafinsa. Ƙauyen yana tsakanin Gummi da Bukkuyum, a gefen wata doguwar fadama da ke cika da ruwa kowace damina. Lokacin da na yi wayo farauta ta riga ta mutu a hannunsa. Naman dajin ya ƙare tun kafin masu bindiga su mamaye dajin, da suka zo kuwa sai suka rufe sauran hanyar. Adakarsa, wato bindigarsa ta gargajiya, tana rataye a ɗaki, zanzaro ya yi gini a cikin kwarin kibansa. Yana noman gero da shinkafa kamar kowa, sai dai idan ya zauna a tsakar gida idonsa yana ƙasa, yana bin sawun kaji da na ƙadangaru kamar wanda aka ba aikin kula da su. Ita kuwa Inna burinta ɗaya ne a kaina. Ƙanwarta tana aure a Yargalma, kuma a shekarar da gubar dalma ta kama yara a ƙauyukan da ake dakan dutsen zinariya cikin gidaje, ta rasa 'ya'ya biyu. Inna ta je ta zauna da ita, ta ga yadda likitoci suka tsaya a kan yaran da suka rage, ta dawo gida ta yanke cewa ɗanta likita zai zama. Na nemi karatun likita da iyakar ƙoƙarina. Da sunaye suka fito, sai na tarar an tura ni sashen gandun daji da namun daji.

Zan bar maganar iyayena yadda suka furta ta, ko da yake ni da daidaitacciyar Hausa nake rubutu, domin idan na gyara musu baki ba za ki gane su ba. Da na gama yi wa Inna bayanin abin da ake koyarwa a sashen, sai ta ajiye faifan da ke hannunta.

"Likitan birai ke nan," in ji ta. "Ubanka ya ƙare ƙuruciyatai shina kashe su, kai kuma a tura ka birni shekara biyar ka koyo yi musu allura."

Baba bai yi dariya ba, bai kuma hana ni ba. Abin da kawai ya tambaya shi ne ko a cikin malaman akwai wanda ya taɓa ganin gwanki da idonsa. Na ce ban sani ba. Ya ce in tambaya idan na je.

Shekarun farko na yi su ne kamar mai jiran mota a tasha. Mafi yawan 'yan ajinmu irina ne, waɗanda suka nemi wani abu aka ba su wannan, kuma kowane farkon shekara sai mu cika ofishin sashe da takardun neman sauyi, a mayar mana da su. A sashen akwai wata barewa da aka cusa wa auduga tun kafin a haife mu, ido ɗaya ya faɗi, da hotunan giwaye na wasu ƙasashe a bango. Sau biyu aka shirya kai mu gandun namun daji, sau biyu aka fasa saboda hanya ba ta da lafiya. Mutum ɗaya ce ta ƙi yarda mu lalace, wata malamarmu, Malama Rabi. Ita ta kafa ƙungiyar ɗalibai masu kula da namun daji, muna haɗuwa ranar Asabar a ƙarƙashin wata bishiyar maina. Takan gayyato malaman daji da masu bincike su gaya mana cewa aikin nan yana ci da mutum, akwai albashi, akwai ƙarin karatu. Mukan saurara da ladabi, mu tashi kamar yadda muka zauna. Wanda ya fi kowa baki a cikinmu shi ne Kabiru, ɗan Anka, wanda yayyensa ke haƙar zinariya. Kullum cewa yake yi da ya karɓi takardar shaida zai naɗe ta ya sa a akwati ya bi su rami.

A shekarar ƙarshe Babbar Salla ta faɗo cikin damina, na je gida hutu. Gwiwar Baba ta fara kumburi a lokacin, yana tashi da ƙyar. Kwana biyu bayan Salla, da muka fito daga masallaci da asuba, ya ce in cire takalmi in ajiye waya in biyo shi. Muka bi ta bayan gonakin shinkafa, muka karkata yamma kamar masu zuwa wani ƙauye, sannan muka yanko cikin ciyawar fadama daga inda ban taɓa zaton ana shiga ba. A nan na ga tafiyar da ban taɓa gani ba. Ba ya taka kan ciyawa, tsakanin gindi da gindi yake sa ƙafa. Da bayan hannu yake buɗe ta, idan ya wuce ya juya ya mayar da ita yadda take, kamar mai rufe ƙofar ɗakin da jariri ke barci. Ya sa ni na yi haka a bayansa, duk inda na karya kara sai ya tsaya ya dube ni. Mun yi kusan sa'a ɗaya muna tafiyar da ba ta fi ta minti goma ba. Da ruwa ya kai mana gwiwa, ya dafa kafaɗata, muka durƙusa.

Gauraki biyu ne. A tsaye suke cikin ruwa, dogaye, baƙaƙe, da fari a fukafukai, tukkun kansu kamar an tsefe zaren zinariya. Tsakaninsu akwai tulin ciyawa da suka tara ya ɗago saman ruwa, ƙwai na kai. Na karanta sunan tsuntsun nan a littafi, na haddace sunansa na kimiyya domin jarrabawa, amma ban san wuyansa yana motsi haka ba. Ba mu daɗe ba. Muka koma ta wata hanya dabam, ta gabas, muka ɓullo kusa da rugar Jauro Manu, wani Bafulatani abokin Baba tun ƙuruciya. Sai da muka zauna a gindin wata kanya Baba ya yi mini bayani. Ya ce a da kowane gidan maharba yana da abin da ake kira ajiya, wuri ɗaya da gidan ba ya harbi a cikinsa kuma ba ya ambatonsa, uba ya nuna wa ɗa ɗaya tak idan ya ji ƙarfinsa ya fara raguwa. Na gidanmu ke nan na gani. Bayan shi, Jauro Manu kaɗai ya sani, domin tun zamanin iyayensu aka yi alkawarin shanu ba sa shiga wannan kusurwa sai an gama girbi. Ya ce masu kamun tsuntsaye suna yawo kowace damina, domin attajirai na son gauraka a tsakar gida, wasu kuma suna neman kanta don magani.

"Ba bakinka kaɗai za ka riƙe ba," in ji shi. "Ƙahwarka za ka riƙe. Kada ka bi hanya guda sau biyu cikin damina guda. Ciyawa tana tuna mutum."

Na riƙe maganar mako ɗaya. Ranar Asabar ta farko bayan komawata, Malama Rabi ta ɗaga hoton gauraka a taron ƙungiya, tana bayanin cewa tsuntsun ya kusa ɓacewa daga ƙasarmu. Kabiru ya ce to ai magana ta ƙare, an tara mu ana koya mana gadin gidan da aka riga aka kwashe, gara a sallame mu. Aka yi dariya. Ban san lokacin da na ce ni na ga biyu da ƙwayayensu a makon jiya ba. Dariyar ta ƙaru. Kabiru ya tambaya ko a mafarki ne, ko kuwa zabin Innata na gani da safe ido bai washe ba. Gaskiyar da nake so ki sani ita ce ba kishin tsuntsayen ne ya sa ni magana ba. Shekara huɗu ana yi wa karatuna dariya a gida da makaranta, ina so sau ɗaya in zama mai riƙe da abin da wasu ba su da shi. Bayan taro Malama ta kira ni ofis. Ba ta matsa mini ba. Ta ce ita ta gaji da nuna hotuna, ta tabbata idan ɗalibai suka ga abu mai rai sau ɗaya da idonsu, wasunsu ba za su ƙara neman barin sashen ba. Ta ƙara da cewa wannan zai iya zama aikin bincikena na kammala digiri, wanda har lokacin ban sami abin da zan yi a kai ba.

Na koma gida ranar Juma'a na roƙi Baba. Na ce ya bari in kawo ɗalibai su ga ajiyar. Na yi masa bayanin cewa waɗannan su ne za su zama masu tsaron daji gobe, idan ba su ƙaunaci abin ba babu wanda zai tsare shi bayan su Baba sun wuce. Ina jin wannan ce ta shige shi. Ya ce ya yarda da mutum biyu, sau ɗaya, ba takalmi, kuma shi da kansa zai ja gaba. Sai dai kafin ranar ta zo gwiwar ta tsananta, kawuna ya kai shi asibiti a Gummi aka kwantar da shi. Ita kuma Malama ta samo mota daga sashe, ta ce bai kamata mota ta tafi da mutum biyu ba, ta zaɓi shida. Aikin jarrabawa ya hana ta zuwa, ta damƙa mini jagoranci da takardun cikewa. Ban gaya mata sharuɗɗan Baba ba. Ban kuma aika wa Baba cewa lissafi ya sauya ba. Da motar ta tsaya a ƙofar gidanmu, rabin ƙauyen ya fito kallo. Inna ta leƙo ta ƙirga kawunan da ke saukowa.

"Ubanka biyu yac ce. Ni ko shida nika gani, ko idona na ya lalace?"

Na ce mata zan yi masa bayani idan ya dawo. Ta ce bayanin nawa ne, ita dai tuwon mutum shida za ta tuƙa. Ta ba 'yan matan biyu ɗakinta, mazan suka sauka a zaure, kuma kafin magariba ta riga ta raɗa wa Kabiru suna Sarkin Surutu.

Yanzu zan faɗi kuskuren dalla-dalla, domin a nan ne maganar take. A makaranta an koya mana yadda ake ƙidayar tsuntsaye. Ana fitar da layi miƙaƙƙe, a sa masa alama, a bi layin nan ɗaya a lokaci ɗaya kowace rana, domin abin da aka gani yau ya yiwu a gwada shi da na gobe. Idan aka sauya hanya, ƙidayar ta ɓaci. Ni mutum ne mai son tsari, kuma wannan darasi yana cikin waɗanda na fi ƙauna, domin shi ne ya fara sa na ji karatunmu ilimi ne na gaske. Na tuna maganar Baba sarai. Na auna ta da ta littafi, na yanke a raina cewa tasa al'adar maharba ce, ta littafi kuwa ita ce hanyar masana. Na karɓo guntayen jan ƙyalle a wurin telan ƙauye. Muka ja layi daga ƙarshen gonakin shinkafa kai tsaye zuwa inda ake hango sheƙar, muna ɗaura ƙyalle a kan ciyawa kowane taku hamsin. Kowa yana sanye da takalmin roba mai tsawo saboda matsattsaku. Mu bakwai, ɗaya bayan ɗaya, muka bi layin nan safiya biyar a jere, zuwa da dawowa.

Ba zan ɓoye cewa safiyoyin nan sun yi kyau ba. Ƙwayayen sun ƙyanƙyashe kafin mu zo, 'ya'ya biyu masu launin ƙasa suna bin iyayen cikin ruwa suna tuntuɓe. Ranar farko da madubin hangen nesa ya zo hannun Kabiru, ya kafa shi a ido ya ƙi saukewa. Ruwa ya cika masa takalmi bai sani ba, takardarsa ta jiƙe bai rubuta kome ba. Da muka fito bai yi magana ba har gida, Inna ta tambaya ko wani abu ya cije shi. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta zana tsuntsayen a bayan takardarta. Da yamma a zaure, mutanen da suka shekara huɗu suna neman hanyar gudu suka zauna suna gardama a kan abin da gauraka ke ci. Na kwanta kowace rana ina jin na yi daidai. A safiya ta biyar, da muka fito bakin gona, na waiwaya. Ciyawar ta kwanta dama da hagu, tsakiya ta zama taɓo, hanya ta fito sarai kamar burtalin shanu, jajayen ƙyallaye suna kaɗawa har inda ido ya tsaya. Na gane kowa zai iya bin ta har sheƙar. Amma tsarin ya ce a bar alamun a wurinsu, domin bayan wata ɗaya za a dawo a maimaita ƙidayar a kan layin. Na bar su, muka shiga mota.

Kwana tara bayan haka Inna ta kira ni a waya, ta ce in zo gida, ba ta ƙara kome ba. Na iso da la'asar na tarar an sallamo Baba, yana zaune a zaure tare da Jauro Manu. Jauro ne ya ba ni labari, idonsa a ƙasa. Ya ce ya hango wasu baƙi biyu a kan babur suna fitowa daga wajen gonakin shinkafa da kwando rufe da buhu. Labarin motar 'yan jami'a ya riga ya zaga kasuwanni, ga kuma layinmu da ƙyallayensa, ba sai sun yi nema ba. Da ya shiga ya duba, ya tarar babu 'ya'yan. Ɗaya daga cikin iyayen tana kwance a tarkon zare, ƙafa ta karye, ta mutu, shi ya sa suka bar ta bayan sun yanke kan. Ɗayan ya kwana uku yana kewaya fadamar yana kira, sannan aka daina jin sa. Jauro ya ce ranar da Baba ya dawo bai ko shiga gida ba, ya dogara sanda ya bi layin tun daga farko har ƙarshe, yana kwance ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya. Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da su a dunƙule, ya ajiye a kan tabarma a gabana.

"Ɗauki kayanka," in ji shi. Muryarsa ba ta tashi ba. "Shekara arba'in nika zuwa wurin nan, ko dila bai gane ba. Kai kwana biyar ka yi musu titi, har da tuta."

Na fara bayanin tsarin ƙidaya, na ji kaina, na sunkuya na tattara ƙyallayen. Bai zage ni ba, bai yi mini baki ba. Abin da ya yi shi ne ya daina jira na idan an fito masallaci da asuba. Tun ina yaro tare muke dawowa, daga ranar sai in ɗaga kai in ga ya yi nisa da sandarsa. Mutanen ƙauye kuwa sun ga baƙi sun zo da mota, sun ga tsuntsaye sun ɓace, suka haɗa biyun. Baba bai taɓa cewa na sayar ba, amma bai tsaya a kasuwa yana wanke ni ba, domin wanke ni yana nufin yin magana a kan ajiya, shi kuwa ba ya yi.

Da na gaya wa Malama Rabi, sai ta dafe kai. Ta ce laifin nata ne da ba ta tambayi yadda masu wurin ke shiga ba, na ce ba ta tambaya ba domin ni na ɓoye mata. Bayan kwanaki ta sake kirana. Ta ce duk da abin da ya faru, abin da muka rubuta yana da daraja, kuma wata ƙungiya mai kula da tsuntsaye tana neman sabbin masu digiri, ta ga alamar za su ɗauke ni idan na miƙa rahoton tare da taswirar wurin. Na kwashe mako biyu ban iya zama wuri ɗaya ba. In fita ɗakin karatu in dawo, in buɗe taswirar in rufe. Na gaya wa kaina tsuntsayen sun riga sun tafi, taswirar ba za ta ƙara cutar da kowa ba. Daga ƙarshe na hau mota na je na tambayi Baba abu ɗaya, ko gauraka tana komawa inda aka taɓa ta. Ya amsa ba tare da ya dube ni ba. Ya ce wanda ya tsira yana iya samo wata ya dawo, bayan damina biyu ko uku, idan an bar wurin ya yi barci. Na koma na cire taswirar, na cire sunan ƙauyen, na ƙara babi guda a kan yadda layinmu ya zama hanyar masu kamu. Ranar kare aikin, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya tambaye ni inda wurin yake. Na ce ba zan iya faɗa ba. Ya ce binciken da wani ba zai iya zuwa ya tabbatar ba labari ne kawai. A bisa ƙa'idarsa gaskiya ya faɗa. Na fita da sakamako mai rauni, aikin ƙungiyar kuma aka ba wani. Da na gaya wa Inna, ta ce to madalla, an rasa likitan mutane, yanzu kuma birai ma sun ƙi ni. Ta faɗa tana zuba mini fura, ta cika kwanon fiye da kullum.

Akwai abin da har yau ya hana zuciyata zama. A cikin mutum shidan nan, huɗu suna cikin aikin daji yanzu. Kabiru bai bi yayyensa rami ba. Malamin daji ne a wani gandu a wata jiha, ya taɓa kwana a asibiti saboda masu saran itace, kuma duk lokacin da ya kira ni sai ya ce safiyoyin nan biyar ne suka juya shi. Na sha zama in ɗora mutum huɗu a gefe ɗaya, gauraki uku da amanar Baba a ɗaya gefen, in ga wanne ya rinjaya. Ban taɓa samun amsar da ta kai gobe ba. Abin da na tabbatar shi ne da na bi ƙafar Baba, da an sami duka biyun.

Bayan hidimar ƙasa na sami koyarwa a wata makarantar sakandare a Gummi, ina kuma taimakon Malama da ƙungiyarta idan an yi hutu. A damina ta uku ina gida, muna fitowa masallaci, na ji kiran gauraka daga sama, mai kauri, sau biyu, ya wuce yamma. Babu wanda ya ɗaga kai sai ni da Baba. Daga makon na lura yakan ɓace wasu safiyoyin, ya dawo wandonsa a jiƙe ta wajen rugar Jauro Manu. Na yi haƙuri kwana goma, sannan na same shi a zaure na durƙusa na roƙe shi ya sake kai ni. Ya ce a'a. Ya ce ba tsohon wurin ba ne, kuma a yanzu ajiyar tana hannun Jauro, idan shi Baba ya faɗi kafin wani ya cancanta a gidanmu, a can za ta zauna. Tun kakannin kakanni ba ta taɓa fita gidan ba. Na tashi zan fita sai ya kira ni, ya ce yaran nan na ƙungiyar Malama, idan har da gaske suke, in kawo masa su, ko goma ne.

Na kawo su a hutun da ya biyo baya. Bai kai su fadama ba. Ya kai su wata saura a bayan ƙauye, tsohuwar gonar da aka bari ciyawa ta kai ƙirji, babu kome a cikinta sai fara. Ya sa kowa ya cire takalmi. Ya nuna musu inda ake sa ƙafa, da yadda ake buɗe ciyawa da bayan hannu a mayar. Sannan ya zauna a kan kututture ya juya baya, ya ce kowa ya ƙetare ta inda ya ga dama. Idan mutum ya fita, sai Baba ya tashi da sandarsa ya bi gefen saurar, ya nuna daidai inda ya shiga da inda ya fita. Bai kuskure ko ɗaya ba. Ɗaliban suna ta dariyar junansu, Malama kuwa tana rubuta kowace kalma tasa. Yanzu kowace damina ana kawo sababbi, kuma ba a ba ɗalibi takardar ƙidaya sai ya ƙetare saurar Baba.

Ni ne nake ƙetarewa a ƙarshe, bayan kowa ya gama. Shekarar farko ko tashi bai yi ba, daga zaune ya nuna da sanda. Bara ya yi 'yan taku kafin ya gani. A daminar bana na shiga ta kusurwar arewa, na yi kusan rabin sa'a a cikin abin da bai fi taku tamanin ba, na fito gumi ya jiƙe mini riga. Ya tashi ya kewaya saurar sau ɗaya bai tsaya ba. Ya sake kewayawa. A zagaye na uku ya tsaya a kusurwar arewa, ya sunkuya da ƙyar a kan gwiwar nan tasa, ya ɗago wani kara ɗaya da ya lanƙwashe kusa da ƙasa, ya riƙe shi tsakanin yatsu yana dubawa.

"Da saura," in ji shi. "Ka dawo baɗi."